Babi na Bakwai: Mutumin da Ke Tsaye Kusa da Mai Ganga

Wanda ya saba jin waƙa ta lasifikar wayar hannu, akwai makaɗi guda da bai taɓa ji sosai ba. Tsirkiyar da ta fi kauri a jikin jitar bes tana girgiza kusan sau 41 a daƙiƙa ɗaya, 'yar lasifikar waya kuwa ba ta da ƙarfin fitar da amo mai zurfi haka. Sai an je wurin biki inda aka jera manyan lasifikoki, ko an shiga motar da mai ita ya kashe kuɗi a kan kayan sauti, sannan mutum zai ji wani abu na dukan ƙirjinsa, ƙafarsa ta kama motsi ba tare da ya umarce ta ba. Mawaƙi za a yaba wa, mai ganga za a yi wa tafi, amma sau da yawa aikin na wani ne da ke tsaye can baya, rataye da doguwar jita mai tsirkiya huɗu, ko murmushi ba ya yi.

Aikinsa biyu ne a haɗe. Yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da mai ganga wajen riƙe takun kiɗa, yana kuma nuna wa sauran makaɗa da mawaƙi inda sautin waƙar ya dosa. Idan ya iya, ba a lura da shi. Idan ya kuskure, kowa zai ji waƙar ta kwance, ko da ba a gane daga ina matsalar ta fito ba.

Kayan kiɗan kansa ba tsoho ba ne. Kafin 1951 wannan aiki na babban gogen nan ne na Turawa, wanda tsayinsa ya kai na mutum, ake kafa shi a ƙasa ana tsinkar tsirkiyarsa da yatsu. Ɗaukarsa jidali ne, kuma da zarar ganguna da ƙahonni sun tashi, sai muryarsa ta nutse. Wani mai suna Paul Tutmarc ya ƙera na lantarki a Seattle tun a shekarun 1930, amma bai yi kasuwa ba. Wanda ya ci nasara shi ne Leo Fender, mai gyaran rediyo a Fullerton ta jihar Kalifoniya, mutumin da shi kansa bai iya kaɗa jita ba. A 1951 ya fito da Precision Bass: ana rataya ta a kafaɗa, ana jona ta da lantarki, ga kuma ƙananan ƙarafa gicciye a wuyanta da ke nuna wa yatsa inda kowane sauti yake. Monk Montgomery, makaɗi a tawagar Lionel Hampton, yana cikin na farkon da suka zaga duniya da ita. Sai dai a shekaru goman farko yawancin masu kaɗa ta ba sa wuce buga tushen sauti, ɗaya nan, ɗaya can, su koma. Babu wanda ya tsammaci wani abu daga gare su.

James Jamerson ne ya rushe wannan. An haife shi a jihar Karolina ta Kudu a 1936, ya tashi zuwa Detroit yana saurayi, ya koyi babban gogen a makaranta, ya goge a gidajen kiɗan jaz na birnin. Da Berry Gordy ya kafa kamfanin Motown a 1959, Jamerson ya shiga cikin makaɗan da ake tarawa a wani ɗan ɗakin ɗaukar sauti a gidan kamfanin da ke titin West Grand Boulevard, waɗanda suka kira kansu Funk Brothers. Mawaƙa na zuwa suna tafiya, The Supremes, The Temptations, Four Tops, Stevie Wonder, Marvin Gaye, amma makaɗan kusan su ɗin ne dai kullum.

Da yatsa ɗaya yake kaɗawa, manuni na hannun dama, sauran yatsun suna hutawa. Bai yarda da canza tsirkiya ba sai idan ta tsinke, kuma ba ya goge dattin da ya taru a wuyan jitar, don a ganinsa nan daɗin sautin yake. Abin da ya kawo sabo shi ne ya mai da bes ta zama murya ta biyu a cikin waƙa. Maimakon ya tsaya a kan tushe yana jiran lokaci, sai ya bi ta tsakanin sautuka, ya riga bugun ganga da ɗan kaɗan, ya yi jinkiri a wani wurin, ya amsa wa mawaƙi a inda mawaƙin ya tsaya shan numfashi. Duk da haka ba ya taɓa sakin takun. Wanda ya saurari "Bernadette" ta Four Tops ta 1967, ko "What's Going On" ta Marvin Gaye, ya toshe kunnensa daga muryar mawaƙi ya bi ta ƙasa, zai tarar da wata waƙar daban cikakkiya tana gudana, kuma da wuya ya ji an maimaita layi guda sau biyu iri ɗaya. Abokan aikinsa sun ba da labarin cewa daren da aka ɗauki "What's Going On" daga mashaya aka ɗauko shi, zama a kujera ya gagare shi, don haka yana kwance rigingine a ƙasa ya kaɗa abin da har yau ake koyar da shi a makarantun kiɗa.

Waƙoƙi 23 da ya yi wa kiɗa sun hau matsayi na ɗaya a babban jadawalin Billboard na Amurka. Amma Motown ba ta da al'adar rubuta sunan makaɗa a bangon faifai. Sai a 1971, a faifan What's Going On, sunansa ya fito. Kafin nan samari a Ingila da sauran ƙasashe sun shekara goma suna kwaikwayon mutumin da ba su san ko sunansa ba. Paul McCartney, wanda bes ta faɗo masa a ƙungiyar Beatles a 1961 don kawai Stuart Sutcliffe ya bar ta kuma babu mai so, ya sha faɗin cewa daga faya-fayan Motown ya gane abin da za a iya yi da ita. Bambancin kiɗansa na farkon shekarun 1960 da na ƙarshensu shaida ne.

Ba za a ce ba a biya Jamerson ba, don a ƙarshen shekarun 1960 albashinsa ya kai dala 1,000 a mako, kuɗi mai kauri a lokacin. Amma albashi ne, ba kaso ba. Dokar mallakar fasaha ta fi sanin wanda ya rubuta baiti da wanda ya tsara karin waƙa. Makaɗin haya kuwa, ko da layin da ya ƙirƙira a take shi ne ya sayar da faifan, da an sallame shi ranar an gama da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da kamfanin ya koma Los Angeles a 1972, Jamerson ya bi shi, amma can ba gida ba ne. Masu shirya waƙa na son sabuwar tsirkiya mai ƙara da salon zamani, shi kuma ya ƙi sauyawa, ga shaye-shaye ya ci ƙarfinsa. A 1983, da aka yi gagarumin bikin shigar Motown shekara ta 25, an ruwaito cewa tikiti ya saya ya zauna can sama cikin 'yan kallo. Ya rasu a watan Agustan shekarar yana da shekara 47, kwanaki kaɗan bayan an sace jitarsa, wadda har yau ba a gano ta ba. Littafin Allan Slutsky na 1989 da fim ɗin da aka yi daga gare shi a 2002, Standing in the Shadows of Motown, su suka fito da sunansa fili. A 2020 mujallar Rolling Stone ta sa shi na ɗaya a jerin gwanayen bes 50 na duniya.

A daidai wannan zamani, a can Los Angeles, Carol Kaye na irin wannan aiki. Makaɗiyar jita ce, sai wata rana a 1963 mai bes bai zo situdiyon Capitol ba, aka miƙa mata. Daga nan ta shiga ɗaukar waƙoƙin da aka ƙiyasta sun kai 10,000, har da faifan Pet Sounds na Beach Boys na 1966. Akwai wasu waƙoƙin Motown da aka daɗe ana jayayya a kansu, ita ta kaɗa ko Jamerson. Jayayyar ba ta da wani tushe illa rashin rubuta suna tun farko.

Wani salon kuma talauci ne ya haife shi. Larry Graham yana yaro yana yi wa mahaifiyarsa kiɗa a gidajen rawa na yankin San Francisco, ita a kan fiyano. Da suka zama su biyu kawai babu mai ganga, sai ya fara dukan tsirkiya mai kauri da babban yatsa a madadin babbar ganga, yana fincikar siririya da manuni a madadin ƙarama. Da ya shiga Sly and the Family Stone, duniya ta ji wannan mari da fincika a waƙar "Thank You" ta ƙarshen 1969. Louis Johnson, Marcus Miller, Mark King, Flea, Victor Wooten, duk ta wannan ƙofa suka shigo. A ganina babu salon da aka wulaƙanta kamarsa: yana da saurin burge jahili, don haka kowane ɗan koyo da shi yake fara cika wa mutane kunne.

Bootsy Collins bai kai shekara 19 ba lokacin da James Brown ya kori makaɗansa a watan Maris na 1970, ya aika jirgi ya ɗauko shi da yayansa Catfish daga Cincinnati. Ƙasa da shekara guda ya yi a tawagar, amma a cikinta aka ɗauki "Sex Machine". Darasin da ya ce ya koya wurin Brown ɗaya ne: ka yi duk wasan da kake so, amma bugun farko na kowane zagaye ka sauka a kansa da dukkan nauyinka. A ƙarshen wannan shekara tawagar ta zo Najeriya, Bootsy da abokansa suka je gidan rawar Fela a Legas, kuma ya sha faɗin yadda abin da suka ji ya girgiza su. A kiɗan Fela mai bes na iya riƙe gajeren layi guda na minti goma sha biyar ba ƙari ba ragi. Wannan ma gwaninta ce, kuma ta fi wuya fiye da yadda ake zato.

Jamaika ta ɗauki wata hanyar. A kiɗan rege bes ce sarauniya, domin kiɗa ne da ya tashi a filayen rawa na Kingston inda ake gasar wanda lasifikarsa ta fi ruri. Aston Barrett, wanda ake kira Family Man tun kafin ya haifi ko ɗa ɗaya (daga baya ya haifi fiye da 40), da hannunsa ya haɗa jitarsa ta farko da katako. Shi da ƙanensa Carlton mai ganga su ne ƙashin bayan ƙungiyar Wailers ta Bob Marley, kuma shi ne shugaban makaɗan, mai tsara yadda kowa zai shiga. Inda James Brown ke cewa a danne bugun farko, 'yan gidan Barrett sau da yawa barinsa suke yi fayau, Carlton ya sauka a na uku, Aston ya zagaye ramin da aka bari. Shirun da yake bari tsakanin sautuka yana da nauyi daidai da sautukan. Duk wanda ya taɓa gyaɗa kai ga faifan Exodus na 1977, daga Kano har Kumasi, hannun Barrett yake bi. Shi ya koyar da Robbie Shakespeare, wanda shi da Sly Dunbar suka mamaye situdiyoyin Jamaika bayansa.

Barrett bai yi shiru irin na Jamerson ba. Ya kai ƙarar kamfanin Island da iyalan Marley a babbar kotun Landan yana neman fam miliyan 60 na kason da ya ce ya cancanta. A 2006 kotu ta kori ƙarar, dalili kuwa ya haɗa da wata yarjejeniyar sulhu da ya riga ya sa wa hannu a 1994. Ya rasu a watan Fabrairun 2024.

A ajiye wannan kusa da labarin Bernard Edwards na ƙungiyar Chic. Layin da ya kaɗa a "Good Times" a 1979 wataƙila babu layin bes da aka ara kamarsa. A cikin shekarar Sugarhill Gang suka ɗora "Rapper's Delight" a kansa, waƙar da ta fara kai kiɗan rap kasuwar duniya, kuma ana jin inuwarsa a "Another One Bites the Dust" da John Deacon na Queen ya rubuta a 1980. Edwards da abokinsa Nile Rodgers sun yi barazanar zuwa kotu, nan da nan aka sa sunansu cikin marubutan "Rapper's Delight". Ba don Edwards ya fi Barrett iya kiɗa ba. Don shi a takarda marubucin waƙa ne. Yaron da aka ɗauko ya sake kaɗa layin a situdiyon Sugarhill, Chip Shearin, ya ce minti goma sha biyar ya yi yana maimaita shi ba kuskure, aka ba shi dala 70.

Sai Jaco Pastorius, wanda ya ƙi tsayawa a baya kwata-kwata. A jihar Florida ya tashi, da ganga ya fara, ya karye a wuyan hannu wajen wasan ƙwallo, ya koma bes. Ya cire ƙarafan da ke wuyan jitarsa ta Fender Jazz, ya cike gurabensu, ya shafe wuyan da irin gam ɗin da ake shafa wa jiragen ruwa, sai ta koma tana zamewa daga sauti zuwa sauti tana kuka kamar muryar mutum. Ranar da ya fara haɗuwa da Joe Zawinul, shugaban Weather Report, ya gabatar da kansa a matsayin wanda ya fi kowa iya bes a duniya. Zawinul ya kore shi, daga baya ya saurari kaset ɗinsa, ya ɗauke shi. A 1976 kaɗai ya fitar da faifansa na farko, ya shiga Weather Report, ya kuma yi wa Joni Mitchell kiɗa a Hejira. Faifan nasa ya buɗe ne da "Donna Lee", kiɗan jaz mai gudu da aka san masu busa da shi, shi kuwa ya kaɗa shi da bes, ganga ɗaya tal na raka shi. Makaɗa da yawa sun ce da suka ji ba su yarda bes ba ce.

Ƙarshensa bai yi kyau ba. Ciwon taɓin hankali mai hawa da sauka ya haɗu da ƙwaya da giya, har ya koma kwana a filin shaƙatawa. A watan Satumban 1987 wani mai tsaron gidan rawa a kusa da Fort Lauderdale ya yi masa dukan da ya zama ajalinsa, yana da shekara 35. Gadonsa kuwa kaifi biyu gare shi. Ya 'yanta kayan kiɗan, gaskiya ne, amma ya kuma haifar da zuriyar makaɗa masu zuba sauti ɗari inda huɗu za su wadatar, waɗanda suka kwafi gudun yatsunsa suka bar kunnensa. Mutane na mantawa cewa kafin ya yi suna ya yi shekara da shekaru yana riƙe taku a ƙananan ƙungiyoyin rawa na Florida, dare bayan dare.

Wanda ya gaji Jaco da gaske daga maƙwabtanmu ya fito. An haifi Richard Bona a ƙauyen Minta na ƙasar Kamaru a 1967. Yana ƙarami ya ƙera wa kansa jita, ya yi mata tsirkiya da wayar birkin keke. A Duwala, yana ɗan shekara 13, wani Bafaranshe mai gidan rawa ya ɗauke shi aiki ya buɗe masa tarin faya-fayansa na jaz. A ciki ya ci karo da faifan Jaco na 1976, ya ajiye jita ya ɗauki bes. Ya tafi Turai, ya zauna a Faris, ya wuce New York a 1995, kuma cikin waɗanda suka ɗauke shi aiki har da Joe Zawinul ɗin nan dai. Bona ba shi kaɗai ba ne. Kiɗan makosa na Duwala a kan bes aka gina shi, shi ya sa Kamaru ta yi ta fitar da gwanaye: Jean Dikoto Mandengue, Vicky Edimo, Aladji Touré, Armand Sabal-Lecco, Étienne Mbappé. A Afirka ta Kudu kuma akwai Bakithi Kumalo na Soweto, wanda ya yi wa Paul Simon kiɗa a faifan Graceland na 1986. Ɗan gudun nan na bes da ke cikin "You Can Call Me Al", rabin farko hannunsa ne, rabi na biyu kuwa tef aka juya aka maimaita shi da baya. Ɗalibai sun yi ta wahalar da yatsunsu a kan abin da shi kansa bai kaɗa haka ba.

Na'ura ta ci wannan sana'a sosai a 1985, kuma a Jamaika ɗin da ta fi kowa girmama ta. Wayne Smith da abokinsa Noel Davey sun tsinci wani layin bes da aka riga aka ajiye a cikin ƙaramar fiyanon Casio MT-40, suka kai wa King Jammy, aka yi "Under Mi Sleng Teng". An ɗora ɗaruruwan waƙoƙi a kan wannan layi, makaɗan situdiyo da yawa suka rasa aiki. Wadda ta tsara layin wata matashiyar ma'aikaciyar Casio ce a Japan, Okuda Hiroko, mai son rege, ita ma sai bayan shekaru da dama aka san sunanta. Yau amon da ke girgiza lasifika a kiɗan amapiano daga kwamfuta yake fitowa, haka ma a yawancin waƙoƙin da ake ɗauka a situdiyoyin Kano da Kaduna, inda mutum ɗaya da fiyano ke zama mai ganga, mai bes, mai busa duka. Ban ga laifin hakan ba. Amma tambayoyin da mai fiyanon yake amsawa da hannun hagunsa, inda zai sauka, inda zai yi shiru, ko ya bi mawaƙi ko ya amsa masa, su ne waɗanda Jamerson da Barrett suka amsa tun kafin a haife shi, kuma ana jin bambanci tsakanin wanda ya saurare su da wanda bai saurara ba.

A wani fannin mawaƙanmu sun fi Motown adalci, domin ba sabon abu ba ne a ji mawaƙin Hausa ya ambaci sunan makaɗinsa a cikin waƙa. Sai dai kotun Landan ba ta tambayi Barrett ko Marley ya taɓa yabonsa ba. Takarda ta duba. Najeriya na da sabuwar dokar kare haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, kuma ta tanadi haƙƙin masu gabatar da fasaha, ba na marubuta kaɗai ba. Makaɗin da zai shiga situdiyo ya nemi a rubuta sunansa da kasonsa, kowa ya sa hannu, kafin a danna maɓallin ɗauka.